Idan Ciki Ya Ƙi Abin da Shari'a Ta Halatta

Akwai wata larura da take samun mutanenmu mazauna ƙasashen waje wadda ba kasafai ake zancenta a fili ba, domin zancen ciki ne, shi kuwa Bahaushe yana jin nauyin maganar cikinsa a gaban jama'a. Mutum ya tashi yana cin duk abin da aka ajiye masa, har a gida ana yi masa shaidar ba shi da tsirfa, sai karatu ko aiki ko aure ya kai shi Ingila ko Jamus ko Amurka. Bayan 'yan shekaru sai ya lura duk ranar da ya karya da madara, kafin azahar cikinsa ya kumbura yana ƙugi. Wani kuwa burodin da ya zama abincinsa na kullum ne zai fara bar masa gudawa da kasala da rama. Wani ya ci nama da magariba, tsakar dare ya farka jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi. Idan ya buga waya gida ya faɗa, sai a ce basir ne, bari a nemo saiwa a aika masa, ko a ce sanyin ƙasar ne ya shige shi, ko kuma cikin raha mai ɗan cizo a ce ai ya zama Bature. Likita kuwa idan ya gama gwaje-gwajensa, abin da zai ce shi ne abincin nan bai karɓe ka ba, ka bar shi. A nan wata tambaya take tasowa wadda ba likita ne zai amsa ta ba. Shin mumini yana da ikon ya ƙaurace wa abin da Allah ya halatta, ya mayar da kwanon da ɗan'uwansa ya miƙo masa, ba tare da ya shiga sahun masu butulce wa ni'ima ko masu raunin tawakkali ba? A ganina yana da wannan ikon, kai, wani lokacin ma wajibi ne a kansa, amma da sharaɗi guda: ya kasance ya bar abincin a kan sani, ba a kan zato ba.

Batun cewa cutar Turawa ce shi ne mafi sauƙin warwarewa, domin a kan madara gaskiyar ta kusa zama akasin haka. A cikin madara akwai wani nau'in sukari da ake kira laktos, kuma hanjin jariri yana fitar da sinadarin da ke narkar da shi. Bayan yaye, a jikin mafi yawan 'yan Adam sinadarin nan sai ya riƙa raguwa, har masana suna ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa narkar da ɗanyar madara sosai. Waɗanda suke tsira da shi har tsufa galibi jikokin al'ummomin da suka daɗe da kiwo ne, irin mutanen arewacin Turai da wasu makiyayan Afirka da na ƙasar Larabawa. Tun a 1971 wani likita Ba'amurke, Norman Kretchmer, da abokan aikinsa suka yi gwaji a Nijeriya, suka tarar kusan dukkan manyan Yarabawan da suka gwada ba sa narkar da laktos, haka ma mafi yawan Hausawa, alhali mafi yawan Fulani makiyaya suna narkarwa lafiya lau. To me ya hana Bahaushe sanin haka yana gida? Abin da ya saba sha nono ne da kindirmo, madarar da ta kwana ta yi tsami, ƙwayoyin halittar da suka tsamar da ita sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna taya hanji narkar da saura. Madarar da mai shayi ke zubawa kuwa ba ta wuce cokali biyu ko uku. Ranar da ya sauka ƙasar da ake cika kofi da ɗanyar madara, ana kwarara ta a kan abin karin kumallo, ana sa garinta a biskit da miya da kayan gwangwani, sai abin da ke kwance a jikinsa tun yana yaro ya fito fili.

Alkama labarinta ya fi nauyi. Akwai cutar da likitoci ke kira siliyak, inda garkuwar jikin mutum take afka wa bangon hanjinsa duk lokacin da ya ci gulutin, wato sinadarin nan mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir. Tana kama kusan mutum 1 cikin 100, kuma tana iya bayyana a kowane lokaci na rayuwa, har ga mai furfura. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama, bayan ya ga yara masu cutar sun samu sauƙi a yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yanke, suka kuma koma ciwo da burodin ya dawo. Ita ma ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 1999 aka wallafa wani bincike a kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda garin alkama na agaji ya zama babban abincinsu, aka samu kashi 5.6 cikin 100 suna ɗauke da alamunta a jini. Mu ma muna cin alkama a gurasa da funkaso da alkaki, amma ginshiƙin abincinmu dawa ce da gero da masara da shinkafa, kuma babu gulutin a ko ɗaya cikinsu. A waje kuwa burodi ne da safe, taliya da rana, da dare kuma idan kewar tuwo ta taso sai a tuƙa semo, wanda shi ma daga alkama aka yi shi. Nama kuwa, a Amurka akwai wata kaska da cizonta ke sa jikin babban mutum ya daina karɓar naman rago da sa da akuya, kuma borin ba ya tashi sai bayan sa'o'i da cin naman. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta masu wannan larura za su iya kai 450,000. Hatta ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji sauyawa suke idan mutum ya sauya ƙasa, kamar yadda masu bincike a Jami'ar Minnesota suka nuna a 2018 a jikin baƙin da suka zo daga Tailan, cikin 'yan watanni da saukarsu. Duk wannan ya isa a yarda cewa mai ƙorafin nan ba ƙirƙira yake yi ba. Jiki magayi.

Yanzu ga asalin maganar. Halascin abinci hukunci ne a kan shi abincin, kuma magana ce da aka yi wa al'umma gaba ɗaya. Ya ɗauke laifi daga mai ci, amma bai ɗora wa kowa wajibcin ci ba. Dacewar abinci da jikin wane ko wance kuwa lamari ne na mutum ɗaya, kuma shari'a ba ta taɓa rufe ido a kansa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Halidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haramun ne, ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa bai so shi ba. Halidu ya jawo ya ci, Annabi yana kallonsa bai hana ba. A zama ɗaya, a kan akushi ɗaya, wani ya ci wani ya bari, kuma babu wanda ya yi laifi. A lura cewa dalilin barin a nan rashin sabo ne kawai, ba ciwo ba. Idan rashin sabo ya isa uzuri, ina ga abin da yake kwantar da mutum? A kan ciwon ma akwai ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi, cewa Annabi ya shiga gidan Ummul Munziri tare da Sayyidina Ali, wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. Akwai dabino a rataye, Annabi ya ci, Ali ma ya fara ci, sai ya dakatar da shi saboda bai gama murmurewa ba. Da matar ta dafa sha'ir da wani ganye, sai ya ce masa ya ci wannan, ya fi dacewa da shi. Dabino ne fa, abincin da falalarsa ba ta ɓuya ga kowa, amma a wannan rana, ga wannan jikin, barinsa ne daidai. Kuma duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya san cewa majinyacin da ke tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewarsa taimama zai yi, wanda azumi zai cutar kuma an yarje masa ya sha ya rama. Idan an sassauta farilla domin lafiyar bawa, da wace hujja za a tsananta masa a kan kofin madara, wanda ba a wajabta wa kowa shansa ba?

Mai ja zai ce, duk da haka akwai ƙamshin rashin godiya a ciki. Ga 'yan'uwanka a gida wasu sau ɗaya suke ci a yini, wasu na sansanin gudun hijira suna jiran mudun hatsi, kai kuwa Allah ya kai ka inda abinci ya wadata kana cewa wannan ba ka ci, wancan ba ka sha. Maganar tana da zafi, kuma wanda ya san yunwa ba zai raina ta ba. Sai dai godiyar ni'ima ita ce a yi amfani da ita a inda aka yi ta dominsa. An yi abinci ne don ya ba jiki ƙarfin sallah da neman halal da ɗaukar nauyin iyali. Mutumin da ya ci abin da ya san zai hana shi fita aiki kwana biyu bai ƙosar da mayunwaci ko ɗaya ba, hasali ma kuɗin da zai aika gida ne ya rage. Lafiya ita ma ni'ima ce, kuma Annabi ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Inda nake tare da mai jan shi ne a wajen ladabi. Abu Huraira ya shaida cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wanda madara ta daina karɓarsa bai kamata ya koma mai wa'azin cewa madara guba ce ba, ko ya riƙa yatsine fuska a kan burodin da maƙwabcinsa ke ci cikin jin daɗi. Madara tana nan a matsayinta na ni'imar da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Nahli. Rabonsa a cikinta ne aka ɗauke. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai iya barin abinci yana mai girmama shi.

Sai masu cewa ka yi bisimilla ka ci, abin da Allah bai ƙaddara ba ba zai same ka ba. Gaskiya ne babu abin da ke samun bawa sai da ƙaddara, amma sahabbai ba su fahimci ƙaddara a matsayin izinin afka wa cuta da ido biyu ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Mai siliyak da ya ci alkama da sunan tawakkali, ko bai ji ciwo a ranar ba hanjinsa yana lalacewa a ɓoye, kuma ƙarshen abin ƙarancin jini ne da raunin ƙashi. Mai borin gyaɗa ko riɗi kuwa, abin da bai kai cikin cokali ba yana iya toshe masa numfashi cikin mintuna. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin Landan, wanda akwai riɗi a cikinsa amma ba a rubuta a jikin takardar ba, kuma mutuwarta ce ta jawo dokar da ta fara aiki a Birtaniya a 2021, wadda ta tilasta rubuta duk abin da ke cikin irin wannan abinci. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da bori, ciki har da madara da alkama da gyaɗa da ƙwai, kuma galibi da baƙin rubutu mai kauri ake fito da su a bayan kwali. Musulmin da ke can ya riga ya saba tsayawa a kanti yana juya leda, yana bin ƙananan haruffa da yatsa don ya tabbatar babu naman alade ko giya, kuma babu wanda ya taɓa ce masa wannan raunin imani ne. Idan ya ƙara duba ko akwai garin madara, aikin ɗaya ne, kiyaye amana.

Ja mafi ƙarfi shi ne na uku, kuma dalilinsa ne na sa sharaɗin sani tun farko. Ana iya cewa, idan aka buɗe wannan ƙofa waswasi zai shigo, kowa ya ji ɗan murɗawar ciki sai ya haramta wa kansa rabin abin da ke kasuwa. Wannan yana faruwa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019, wanda ya ƙunshi manya fiye da 40,000, kusan kashi 19 cikin 100 sun ce suna da borin wani abinci, amma waɗanda alamunsu suka tabbatar da hakan ba su kai kashi 11 ba. Daga cikin waɗannan na gaskiyar kuwa kusan rabi sun samu aƙalla bori ɗaya ne bayan sun girma, wanda ya nuna abubuwa biyu a lokaci guda: larurar gaskiya ce, zaton ƙarya ma yana da yawa. Baƙunta ƙasa ce mai kyau ga waswasi, domin kaɗaici da damuwa da aikin dare duk suna taɓa ciki, ga kuma intanet cike da masu sayar da gwaje-gwajen da ba su da tushe. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya yi hani ga muminai su haramta wa kansu kyawawan abubuwan da aka halatta musu. Saboda haka wanda ya tsoraci abinci, aikinsa na farko shi ne ya je a gwada shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin ne zai raba masa larurori uku da mutane ke cakuɗawa. Mai borin garkuwar jiki dole ya nisanci abin gaba ɗaya, ya riƙa yawo da allurar gaggawa idan likita ya rubuta masa. Mai siliyak zai bar alkama har abada, amma kada ya bar ta kafin a ɗebi jininsa, domin idan ya bari gwajin zai iya fitowa kamar lafiyarsa ƙalau. Mai matsalar laktos kuwa shi ne mafi sauƙi: hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce mafi yawansu suna iya ɗaukar har giram 12 a zama ɗaya, kimanin kofin madara guda, ba tare da wata wahala mai yawa ba, kuma yogot da busasshen cuku galibi ba sa damunsu. Wanda ya bar komai alhali kaɗan aka hana shi, shi ma ya cuci jikin da aka ba shi amana.

Abin da ya fi duk waɗannan ciwo kuwa ba a littafin fiƙihu yake ba. Ga wanda ke nesa da gida, cin abinci tare shi ne sauran zumuncin da ya rage masa. Mako ya ƙare, an taru a gidan wani, uwargida ta yini a tsaye tana suyar masa da miyar taushe, ta zubo maka da hannunta tana cewa “Ƙanena, ci mana, ko ba ta yi daɗi ba ne?” Ka san akwai gyaɗa a miyar, ka san yajin tsiren nan da ƙuli-ƙuli aka daka shi, ka ga ƙosan da ya kamata ya zama lafiya gare ka an soya shi a man da aka soya fanke. A al'adarmu ƙin cin abincin mutum magana ce babba, tana iya nufin raini, tana iya nufin zargin sammu. Mutane da yawa kunya take sa su ci, su koma gida su kwana suna juyi. Wasu kuwa sai su daina zuwa taron, a hankali a daina kiransu, kaɗaicin baƙunta ya ninka. Duka biyun asara ce, kuma sunna ta ba da mafita tun tuni: Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wanda aka gayyata cin abinci ya amsa, sannan in ya so ya ci, in ya so ya bari. Halartar ita ce haƙƙin ɗan'uwa. Haka wanda kaska ta raba da jan nama, ranar babbar sallah zai yanka ragonsa ya rabar, ladansa cikakke, domin ci daga naman layya mustahabbi ne a wurin jumhurun malamai. Kunya abu ce mai kyau, amma kunyar da take sa mutum ya ɓoye larurarsa har ta kai shi asibiti ta zalunci mai masaukin ma, wanda da ya sani da bai zuba ba.

Ba na raina baƙin cikin wanda aka raba da abincin da ya tashi da shi. Jarabawa ce, ko da ta yi ƙanƙanta a idon wanda bai ɗanɗana ba, kuma tana dawowa sau uku a kowace rana. Yana da kyau dai mai ita ya san cewa tukunyar gidansu ta fi yi masa sauƙi fiye da kantin ƙasar da yake: tuwon dawa da na masara da na shinkafa, da fate na acha, da alala da doya, duk lafiya ne ga mai gudun alkama muddin ba a gauraya garin da na alkama ba, kuma kindirmo yakan karɓi wanda ɗanyar madara ta ƙi. Sauran nauyin yana kan jama'a. Masu shirya buɗa-baki a masallatan Turai da Amurka, da ƙungiyoyin Hausawa masu haɗa walima da taron sallah, ku tambaya tun kafin ranar ko akwai wanda wani abinci ba ya karɓarsa. Ku rubuta a takarda abin da ke cikin kowace tukunya, ku ware ludayi da man suya, ku ajiye kwano ɗaya da babu gyaɗa, babu madara, babu alkama. Idan kuma baƙonku ya ce ba ya cin wani abu, ku ce masa Allah ya ƙara sauƙi, ku miƙa masa wanda yake ci, kada ku matsa.